Keke ya dawo titunan Kano, a ba shi hanya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan keke, don lokaci ya yi da za mu sauya irin kallon da muke yi wa masu hawansa.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yana da wani baƙin Raleigh. Duk safiyar Juma'a sai ya kifa shi a zaure, ya goge sarƙar da tsumma da ɗan baƙin mai, ya danna tayoyin da babban yatsa ya ji ko akwai iska. A zamaninsu malamin makaranta mai keke mutum ne da ake gaisarwa da girma. Da babura suka cika gari sai keke ya koma alamar karaya, har saurayi kan jingine nasa a bayan layi kafin ya ƙarasa wurin zance.

Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafi ya rikice wa kowa. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, daga baya ma ta wuce 1,000, kuɗin Adaidaita Sahu kuma ya tashi. A lokacin na sayi keke na gwanjo don zuwa wurin aiki. Makon farko gwiwoyina sun ji jiki. Yanzu kuwa ko ranar Lahadi bayan sallar asuba nakan bi gefen badala in zaga, don kawai ina jin daɗinsa. Waɗanda suka riƙa ce mini "Malam, lafiya dai ko?" cikinsu har da mutum biyu da suka zo suna tambayar inda na saya. Mai facin bakin layinmu, wanda a da yake wuni yana gyangyaɗi, yanzu yara 'yan makaranta da magidanta ke jiran sa da sassafe.

Abin da ke damuna shi ne titi. Direbobi da yawa ba sa ɗaukar mai keke a matsayin mai haƙƙin hanya. Kwanan baya wani mai Adaidaita ya matse ni har ƙafata ta faɗa kwata, bai ko waiwayo ba. An gina gadoji na sama da na ƙasa, amma mai keke sai ya cusa kansa tsakanin tirela da bas.

Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Ina roƙon ku tura wakili titin Zariya da safe ya ji ta bakin masu keke, gwamnatin jiha kuma ta ware mana gefe guda a manyan tituna, ko da farin fenti ne aka shata.

Naka,
Mai karatu daga Gwale, Kano