Wasiƙa ga Iyaye: Darasin Gasasshen Burodi da Fiya da Kayan Lambu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa a wannan zango ɗaliban ajin koyon girki sun yi darasi a aikace kan wani karin kumallo mai sauƙin haɗawa, wato gasasshen burodi da aka shafa wa fiya aka ɗora masa gasassun kayan lambu. Da yake yara da dama sun koma gida suna roƙon a sayo musu fiya, har wasu iyaye mata suka aiko suna tambayar yadda ake yi, mun ga ya dace mu rubuto muku bayanin dalla-dalla.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan darasi shi ne, malamai sun daɗe suna lura cewa yara da yawa shayi da burodi kawai suke sha su fito, kuɗin tara kuma ya ƙare a biskit da alewa, ta yadda kafin azahar yaro ya fara hamma a aji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce yaro mai shekara 6 zuwa 9 yana buƙatar aƙalla giram 350 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, mai shekara 10 zuwa sama kuma giram 400. Da wuya abin da ke cikin miyar dare kaɗai ya kai wannan adadi, musamman ga yaron da ke tsince albasa ya tura ta gefen kwano.

Fiya, wadda wasu ke kira abokado, asalinta daga Meksiko da Amurka ta Tsakiya take, amma tana yi sosai a wurare masu sanyi irin su Filato da tsaunin Mambila. A giram 100 na namanta akwai kalori kusan 160 da mai giram 15, kuma akasarin man irin wanda ke cikin man zaitun ne. Tana da sinadarin fotasiyam fiye da ayaba. Wannan mai yana da wani amfani da ba kowa ya sani ba: shi ne ke taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin da ke cikin karas da jan tattasai wanda yake mayarwa bitamin A. Saboda haka muka haɗa su a faranti ɗaya.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen saye. Fiya ba ta nuna a kan bishiya, sai bayan an tsinke ta, don haka yawancin wadda ake kasawa a kasuwa ɗanya ce. A riƙe ta a tafin hannu a ɗan matsa a hankali. Idan ta ɗan lotsa, ta yi daidai, idan kuwa ta yi luguf ko fatar ta lotse a wurare, cikinta ya fara baƙi. Wadda take da tauri sai a saka ta cikin takarda tare da ayaba nunanna na kwana biyu ko uku, domin iskar da ayaba ke fitarwa tana gaggauta nunarta. Kada a saka ɗanyar fiya a firji, sanyi yana tsayar da nunarta.

Ga yara huɗu, ana buƙatar fiya biyu, karas biyu, albasa ɗaya, jan tattasai ɗaya, tumatir uku, da yalo idan akwai. A wanke su sarai, a yanka su madaidaita, amma a yanka karas siri-siri saboda ya fi sauran jinkirin nuna. A zuba cokali ɗaya na mai da ɗan gishiri a cakuɗa, sannan a baza su a faranti ba tare da sun hau kan juna ba, domin idan suka cunkushe ruwa za su yi maimakon su gasu. A tanda mai zafin digiri 200, minti 20 zuwa 25 ya isa. Gidan da babu tanda kada a damu, mu ma rabin ajin da kasko a kan murhun gawayi suka yi, suna juyawa har gefen albasar ya yi ja, kuma a ganinmu nasu ya fi ƙamshi.

Daga nan sai a gasa yankan burodin har ya yi ƙarau, domin burodi mai laushi jiƙewa yake yi. Na alkama ya fi riƙe ciki, gurasa ma tana yi. A kwashe naman fiyar da cokali, a dama shi da cokali mai yatsu, a matsa rabin lemun tsami a ciki, a shafa a kan burodin, a jera kayan lambun a sama. Lemun tsamin ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, yana jinkirta baƙin da fiya ke yi idan iska ta taɓa ta. Tun da fiya ba ta da sinadarin gina jiki mai yawa, yana da kyau a haɗa wa yaro da dafaffen ƙwai ko dafaffen wake.

Mun san safiya ba ta da lokaci a gidan da ake shirya yara uku ko huɗu. Ana iya gasa kayan lambun tun da dare a adana a firji, da safe a ɗumama su sosai, amma fiyar sai lokacin da za a ci za a yanka ta. Idan yaro zai zo da shi makaranta, a sa burodin daban, damammiyar fiyar daban a ƙaramin mazubi mai murfi, ya haɗa da kansa a lokacin tara.

A darasi na gaba ɗalibai za su maimaita wannan girki da dankalin Hausa da kabewa. Muna roƙon duk wanda ɗansa ko 'yarsa ba ya jituwa da gyaɗa, ƙwai, alkama ko ita kanta fiyar, ya sanar da malamin aji a rubuce kafin ranar, domin yajin da muke barbaɗawa akwai ƙuli-ƙuli a ciki.

Mun gode da haɗin kanku.

Hukumar Makaranta