Amsa ga ƙaninmu da ya tambayi hanyar kawo yayansa Saudiyya

Assalamu alaikum. A taron 'yan uwa da aka yi a Jidda ka miƙe ka ce yayanka na shirin sayar da gona ya shigo da bizar Umara, in ya so daga baya a nema masa igama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ka tambaye mu, mu da ke bin takardun mutane, ko hakan zai yiwu.

Ba zai yiwu ba, ƙanina. Bizar Umara ba ta aiki ba ce, kuma ba a mayar da ita igama. Wanda ya wuce wa'adinsa yana iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan a ɗauki hoton yatsunsa a cibiyar tsare baƙi ta Shumaisi a mayar da shi gida.

Sai abin da dillalai ke kira biza hurra, wadda doka ba ta san da ita ba. Kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, na takarda ne kawai, kai za ka nemi aikinka, kai kuma za ka ɗauki kuɗin da dokar ƙwadago ta ɗora wa mai ɗaukar aiki. Lissafa da kanka. Katin aiki riyal 800 ne a wata inda baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa, wato 9,600 a shekara. Igama 650, ga inshorar lafiya, ga kason kafili. Ranar da kuka saɓa ya rubuta cewa ka gudu daga aiki, kana iya komawa sahun masu ɓuya a unguwar Shara Mansur ta Makka. Sassaucin sauya kafili da aka yi a Maris 2021 ma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba.

Iyali fa? Tun 2020 kowane mutum ɗaya riyal 400 ne a wata. Mata ɗaya da 'ya'ya uku sun ci 19,200 a shekara tun ba a sayi buhun shinkafa ba.

Waɗanda ƙofar ke buɗe wa da sauƙi su ne likita ko injiniya da ma'aikata ta nema da kanta, sai attajirin da zai iya biyan riyal 800,000 ya karɓi igama ta dindindin marar kafili.

In yayanka na da sana'ar hannu, ya nemi kwantiragi tukuna. Kafin ya ba kowa ko sisi, ya ga sunan kamfani da albashi da sana'ar da aka rubuta a bizar, ya tabbatar an shigar da kwantiragin a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago. Gonar kuwa a bar ta tukuna.

Wassalam.