A Bar Masu Haya Su Yi Shuka a Tagoginsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya shafe mu, mu da muke zaman haya a benayen Abuja, waɗanda ba mu da ko taku ɗaya na ƙasa da za mu kira tamu.

Ni haifaffen Jos ne, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda sanyi ya sa latas da kabeji da karas suke yin kyau, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada da sassafe ya san abin da nake nufi. Da aiki ya kawo ni Abuja na kama haya a hawa na biyu na wani bene a Kubwa, sai na tarar da cewa alayyahun da ake ba mu gyara a gida, a nan da kuɗi ake sayensa, sau da yawa kuma ya riga ya yi yaushi a hanya. Shi ya sa na sa kafinta ya haɗa mini akwatuna uku na katako, na ɗora su a bakin tagogi, na shuka alayyahu da albasa mai lawashi da na'a-na'a da ɗaɗɗoya.

Ba a yi wata biyu ba mai kula da gidan ya zo ya ce in sauke su, domin ruwa yana ɓata fentin bango, kuma akwatin yana iya faɗowa a kan wani. Raina ya ɓaci a lokacin, amma gaskiya ɗaya ce, mutumin yana da hujja. Ruwan da nake zubawa yana ɗiga a kan shanyar maƙwabciyata ta ƙasa, ita kuwa kunya ta hana ta faɗa mini. Batun nauyi ma ba abin wasa ba ne, domin akwati mai tsawon mita ɗaya da faɗi da zurfin santimita 20 yana cin ƙasa lita 40, idan kuma ta jiƙe nauyinta yana iya zarce buhun siminti. Wanda ya rataya irin wannan da ƙusa biyu a saman hanyar da yara suke wucewa, ganganci ya yi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganin matsalar hani ne gaba ɗaya, alhali duk abin da ake tsoro yana da gyara. Na rage tsawon akwatunan, na zaunar da su a kan dakalin taga daga cikin ƙarfen kariya, na ɗaure da waya mai kauri, ba tare da na huda bangon mai gida ko sau ɗaya ba. Na gauraya ƙasar da buntun shinkafa da takin da ya ruɓe sosai, sai ta yi sauƙi kuma ta daina daskarewa; ruɓaɓɓen taki na zaɓa domin ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. A ƙarƙashin kowane akwati na sa faranti mai tare ruwan da ke fita ta hujin ƙasa, ina kuma zubar da shi kullum, saboda ruwan da ya kwana biyu a wuri ɗaya gayyatar sauro ne.

Sauran kuwa sanin tagarka ne. Wadda ke kallon gabas tana samun ranar safe mai laushi, ita ce ta ganye. Ta yamma kuwa, a zafin watan Maris na Abuja, sai attarugu ko barkono, su ma sai an ba su ruwa safe da yamma, haka nan lokacin hunturu da iska ke busar da ƙasa cikin sa'o'i kaɗan. Na gwada tumatir na haƙura, domin yana son zurfin aƙalla santimita 30 da ranar sa'o'i shida, tagata kuwa ba ta da ko ɗaya. Alayyahu ne bai taɓa ba ni kunya ba: cikin mako huɗu zuwa biyar ake fara yanka, ya sake tohowa. Na'a-na'a dai a ware mata akwatinta, don ba ta iya zama da maƙwabci ba tare da ta cinye masa wuri ba.

Ba na cewa akwati uku za su ciyar da iyali, kuma har yanzu ina zuwa kasuwa sayen kayan miya. Amma mutumin da ya biya hayar shekara guda cur a dunƙule, kamar yadda aka saba a garin nan, ya cancanci a bar shi ya tsinki ganyen shayinsa a tagarsa. Roƙona ga masu gidaje da wakilansu shi ne su rubuta sharuɗɗa a takardar yarjejeniyar haya: kada a huda bango, kada ruwa ya zuba wa na ƙasa, kada akwati ya fita wajen ƙarfe, wanda ya ɓata fenti kuma ya gyara kafin ya tashi. Da irin waɗannan sharuɗɗa muka daidaita da mai kula da gidanmu, maƙwabciyar da na jiƙa wa shanya kuma ta karɓi reshen ɗaɗɗoya ta dasa a tata tagar.

Na gode.

Wani mai haya,
Kubwa, Abuja.