Ƙanena ya yi nutso a Scapa Flow, mu kuwa teku na ƙofar gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ƙanena da ke aiki a Sukotlan ya turo min hotuna: Asabar da Lahadi ya yi su a ƙarƙashin teku a Scapa Flow, tsibiran Orkney, inda Jamusawa suka nutsar da jiragen yaƙinsu da hannunsu ranar 21 ga Yuni, 1919. Manya guda 7 suna kwance har yau.

Ya goya tukunyar iska, ya sa rigar da ruwa ba ya ratsawa saboda sanyi. Ya ce fitilarsa ta haska bakin wata igwa, tsatsa ta cinye ta, kifi na shiga yana fita. Da ya hauro kuwa, yatsunsa sun ƙage, ko kofin shayi ya kasa riƙewa. Hajiyarmu ta ga hoton, ta yi salati, ta ture wayar.

Abin da ya dame ni, yaron nan a unguwar Nima ta Akra ya tashi, bakin tekun Labadi ga shi nan kusa, amma sai a ƙasar Turawa ya koyi iyo. Mu duka aka hana mu zuwa bakin ruwa. Ina roƙon shugabannin zango su nema wa yaranmu masu koyar da iyo, ko da ranar Asabar ce bayan makarantar allo.

Naka,
Wani tela, Nima, Akra