Madadin Albarushi: A Auna Da Ma'auni, A Wanke Da Ruwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja kunnen mafarauta da masu harbin bindigar gargajiya a hawan Sallah nan Zariya, game da garin da ake kira madadin albarushi.

Albarushin da muka gada abu uku ne: gishirin fotasiyam naitiret, gawayi da farar wuta. Pyrodex, wani madadin albarushi wanda kamfanin Hodgdon na Amurka ke sayarwa tun shekarun 1970, yana da waɗannan ukun, sai dai an ƙara masa fotasiyam fakuloret. Wannan ƙarin yana ƙara cin bututu. In ya ƙone yakan bar gishiri a ciki, gishiri kuwa jan danshi yake. Da damina, kwana ɗaya ya isa ka zura tsumma ya fito jawur da tsatsa. Mai ba ya narkar da gishiri, don haka ranar da aka yi harbi a wanke bututun da ruwan zafi da sabulu har tsumma ya fito fari tas, a bari ya bushe ƙarau, sannan a shafa mai.

Awo ne ya fi damuna. Pyrodex bai kai albarushi nauyi ba. Wanda ya ɗora shi a sikeli ya auna nauyin da ya saba, ya ɗura fiye da ƙima bai sani ba. Da ma'aunin cika ake auna shi. Triple Seven, wani madadin kuma wanda babu farar wuta a cikinsa, ya fi albarushi ƙarfi. A rage kamar kashi 15 cikin ɗari na awon da aka saba yi wa albarushi. Dukansu sun fi albarushi wuyar kamawa, shi ya sa sukan yi gardama a bindiga mai ƙanƙara. In an ja kunama shiru, a bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa, minti ɗaya aƙalla. A danna harsashi ya zauna daram kan garin, domin gurbin iska a tsakani yana kumbura bututu.

Garin da ake cirowa daga harsashin zamani kuwa, da kan ashana, ba madadi ba ne ko kaɗan. Ƙarfinsu ya wuce abin da bututun maƙera zai ɗauka, kuma a ƙofar fadar Sarkin Zazzau mai harbi yana tsaye ne kafaɗa da kafaɗa da yara 'yan kallo.

Naku,
Wani mai gyaran bindigar gargajiya,
Birnin Zariya