Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa Kan Shari'ar Fyaɗe

Mai girma Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya,

Assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo, ya ba da ikon sauke nauyi. Gaisuwar ke nan, ranka ya daɗe, domin tuni na zo yi.

A watan Yunin 2020 ku gwamnoni 36 kun yi zama ƙarƙashin jagorancin Kayode Fayemi na Ekiti, kuka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Kana cikinsu, lokacin shekararka ɗaya a kan kujera. Ba ka manta yadda ƙasa ke tafasa ba: Uwa Omozuwa da aka far wa cikin coci a Benin, Barakat Bello a Ibadan, sai nan gida Dutse, inda 'yan sanda suka kama maza 11 a kan yarinya 'yar shekara 12. Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce ƙorafin fyaɗe 717 suka karɓa daga Janairu zuwa Mayu kaɗai. Kun yi alkawarin dokoki, da rajistar sunayen masu laifi, da hukunci ba sani ba sabo.

Dokoki kam an yi su, ba zan hana ku ladanku ba. Akasarin jihohinmu sun karɓi dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane. A Satumban 2020 Kaduna ta sa hannu kan dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. An yi tafi, an yi hira a rediyo. To amma hukunci sai an kai gaban alƙali, kuma a tsakanin caji ofis da babbar kotu ne shari'ar 'ya'yanmu take mutuwa. Wannan ita ce maganata, sauran duk rakiya ne.

Ina cikin matan da ke raka iyayen yara idan abin ya faru, don haka hanyar na san ta da ƙafa. Uwa za ta zo da yarinyarta mai tallar awara, riƙe da leda da zanin yarinyar a ciki, sau da yawa kakar ta riga ta wanke shi fes saboda kunya, ba ta san hujja ta wanke ba. A kan kantar caji ofis ake fara tambayar, gaban mai ƙarar satar akuya da mai rigimar haya. “Me ya kai ta ɗakinsa? Karo na nawa ke nan? Ke ina kike har 'yarki ta fita da magariba?” Ba a kai ga sunan mutumin ba, an gama tuhumar uwa da 'ya. Daga nan sai kuɗin fayil, kuɗin man da za a je kama shi, kuɗin kati da na takardar likita. Matar da jarinta bai wuce kwanon waken suya ba ita ke ɗaukar nauyin binciken laifin da doka ta ce gwamnati aka yi wa. Cikin wannan kai-komo awa 72 ɗin da likitoci ke cewa a ba da maganin kariya daga ƙanjamau a cikinsu sai su wuce, babu wanda ya gaya mata akwai wani wa'adi.

A ce ta jure duk wannan. Sai a kai wanda ake zargi kotun majistare, wadda kowa a zauren ya san ba ta da hurumin sauraron shari'ar fyaɗe. A karanta masa tuhuma, ba a ma nemi ya amsa ko ya musa ba, a tura shi gidan gyaran hali, a ce za a aika fayil ma'aikatar shari'a don lauyoyin gwamnati su ba da shawara. Daga ranar kalma ɗaya uwar za ta riƙa ji: ana jiran shawara. Ta biya kuɗin adaidaita, ta zauna a kan benci tun safe, a kira shari'ar, a ɗage cikin minti biyu. Wata ya bi wata, azumi ya zo ya wuce. Wani lokaci ka bincika ka tarar fayil ɗin ma bai bar hannun 'yan sanda ba, don babu wanda ya biya kuɗin buga kwafi. Kafin shawarar ta fito an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, likitan da ya duba yarinyar ɗan hidimar ƙasa ne, ya gama ya koma garinsu, maƙwabciyar da ta ji ihu mijinta ya hana ta zuwa. Ita kuwa yarinyar ana so ta tuna rana da lokaci da launin labulen ɗaki, ta faɗa a gaban lauya mai ɗaga murya, in ta yi tuntuɓe a ce ƙarya take.

Ranka ya daɗe, wannan jiran shi ne ƙofar sulhu. Lauyan mutumin ya je babbar kotu ya samo masa beli, mutumin ya dawo unguwa yana shan shayi a bakin layin da yarinyar ke bi zuwa islamiyya. Sai dattawa su fara sallama bayan isha'i. “A rufa asiri, Malam. 'Ya mace ce, in maganar ta yi nisa wa zai aure ta?” A ajiye 'yan kuɗi a ce na magani. Uban da ya gaji da rasa yinin aikinsa ya karɓa, ka ga laifinsa? Amma a duba asirin wa aka rufa. Na yarinyar tun ranar farko ya gama zaga unguwa. Ita ake cirewa daga makaranta, ita ake turawa ƙauye gun gwaggo, ita ake aurar wa duk wanda ya taya. Shi ko bayan shekara ka ji ana rabon goron ɗaurin aurensa, har da masu cewa ai ƙaddara ce ta faɗa masa. Namiji ƙaddara, mace lalacewa.

Kada kuma wani ya laɓe a bayan addini. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya faɗa a Muwaɗɗa cewa wanda ya tilasta wa mace haddi na kansa, kuma zai biya ta sadakin irinta, ita babu komai a kanta. Hukunci da diyya ke nan, tun fiye da shekara dubu. Wannan sulhun na zaure, da ake yi ba tare da an ko tambayi yarinyar ba, ban san daga wane littafi aka ciro shi ba.

Kuma kada a ce mana haka kotu take, tafiyar hawainiya. Mun ga shari'ar Hanifa, yarinyar da aka kashe a Kano: an sace ta a Disamban 2021, zuwa Yulin 2022 babbar kotu ta yanke hukunci. Abin da ya bambanta shi ne idon duniya na kai, gwamna ya yi magana, manyan lauyoyin gwamnati suka tsaya da kansu. Ashe ana iyawa. To sai yarinya ta mutu, hotonta ya karaɗe Facebook, kafin fayil ɗinta ya yi ƙafa? Wadda ta rayu fa, laifinta rayuwar?

Ba roƙon sabuwar doka nake yi ba, kabad ya cika. Ku sa wa kwamishinoninku na shari'a wa'adi a rubuce, daga ranar da fayil ɗin fyaɗe ya shigo zuwa ranar da shawara za ta fita, wanda ya wuce wa'adin a tambaye shi dalili. Wannan ba ya bukatar majalisa ko tallafin Turawa, takarda ɗaya ce daga ofishin gwamna. Har wanda ake zargi zai amfana, domin akwai waɗanda sharri aka yi musu suna can tsare shekara da shekaru babu mai sauraronsu. Duk wata uku kowace jiha ta fito ta faɗa: fayil nawa suka shigo, nawa aka kai babbar kotu, nawa aka yanke wa hukunci, nawa suka ɓace a hanya. Kuna iya lissafin kilomitar titi da yawan buhunan taki a kowane jawabi, wannan ma ba zai gagare ku ba.

Legas ta ware kotu ta musamman don laifukan fyaɗe tun 2018. A zauna da manyan alƙalan jihohinmu su ware ko da alƙali ɗaya ne, a riƙa sauraron yara a keɓe. Cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato, suna ƙoƙari, amma matar da ke ƙauyen da mota ke shiga ranar kasuwa kaɗai ba za ta iso su cikin kwana uku ba. A sa kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya duba yarinya ya ba da takarda kyauta. Rajistar masu laifi da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ta buɗe a 2019 kuwa, sai an yanke hukunci ake samun sunan da za a tabbatar a cikinta, mun koma gidan jiya ke nan.

Kuna zama a Kaduna lokaci zuwa lokaci, ku tattauna tsaro da haraji ku fitar da sanarwa. Don girman Allah, a zama na gaba a sa wannan magana cikin ajanda, a kira kwamishinonin shari'a 19 su zo da lissafin fayil ɗin da ke kan teburinsu. Mu za mu karanta sanarwar bayan taron, layi bayan layi.

Wassalam.

Daga wata uwa, mai raka iyayen yara kotu.