Sanarwa ga ƴan gida kan harkar motoci

Salamu alaikum ƴan uwa, da fatan an tashi lafiya. Kamar yadda kuka ji Baba ya ce ya gaji da zirga-zirga, ya miƙa wa Yaya Babba ragamar motocin, amma shawara har yanzu sai an je gabansa.

Abu na farko kuɗin kamfani daban na gida daban, ba sauran a ɗebi kuɗin gazuwal a yi biki, Kawu ka yi haƙuri ba da kai nake ba. Kowane direba zai riƙa rubuta litar da ya sha tun daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere har Garwa, Marwa, Kuseri zuwa Njamena, da abin da ya biya a duwan, ya turo hoton takarda nan.

Sannan dawowa wayam ɗin nan shi ke cinye mu wallahi, mota ta ƙona mai ta ci taya a hanyar Mora zuwa Dabanga ba ko sisi, to daga yanzu sai an nemo lodin dawowa ko na albasa ne. Tsohuwar kamiyon nan mai hayaƙi kuma sayar da ita za a yi.

Zama ranar Juma'a bayan la'asar a zauren Baba, Inna da su Yaya mata ma a zo.